Gidan da Ba Shi da Zaure: Kalmar Sirri Kaɗai Ba Ta Tsare Wi-Fi na Ofis

A ofisoshi da asibitoci masu zaman kansu da otal-otal da makarantu da dama na garuruwanmu, tsarin intanet iri ɗaya ne: rauta guda, sunan Wi-Fi guda, kalmar sirri guda. Da wannan kalmar kwamfutar akanta take shiga intanet. Da ita kyamarorin tsaro suke aika hoto zuwa wayar maigida, da ita inbatar sola take ba da rahoton cajin batir. Ita ce kuma ake karanta wa baƙon da ya zauna jiran manaja ya ce datarsa ta ƙare. Idan aka tambayi shugaban wurin ko akwai tsaro, amsarsa a shirye take: ai mun sa kalmar sirri mai wuya.

Ra'ayina shi ne wannan tsari sakaci ne, kuma alhakinsa yana wuyan mai wurin kafin ya kai wuyan ma'aikacin da aka kira ya ja waya. Maganinsa sananne ne tun shekaru da dama: a raba netwok ɗin gida-gida, kowane rukunin na'urori da nasa yanki, a sa mai gadi a tsakani. Masu sana'ar suna kiran kowane yanki sabnet, mai gadin kuma shi ne abin da za mu kira katangar tsaro. Ba lallai ne shugaba ya iya saita su da hannunsa ba, amma wajibi ne ya fahimce su gwargwadon da zai iya neman a yi, ya kuma gane idan ba a yi ba.

Iyakar abin da kalmar sirri take yi

Magabatanmu da suka tsara gidan Bahaushe sun warware wannan matsala da ƙasa da azara. Baƙo yana da hakkin a karɓe shi, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo masa ruwa. Amma a zaure ake yin wannan duka. Bayan zaure akwai shigifa, bayanta tsakar gida, can ciki kuma turaka da rumbu. Kowace ƙofa tana da waɗanda aka yarda su wuce ta, har akan rubuta “Ba shiga” a bakin wata. Ba a taɓa ɗaukar wannan a matsayin wulaƙanta baƙo ba. Netwok mai kalmar sirri guda kuwa gida ne mai ƙyauren ƙarfe a waje, wanda da zarar an buɗe maka sai ka tsinci kanka a tsakiyar turaka.

Kalmar sirri tana yin aiki biyu: tana tantance wanda zai hau Wi-Fi, tana kuma kulle saƙon da ke yawo a iska tsakanin na'ura da rauta. Ba ta da ta cewa game da abin da na'ura za ta yi bayan ta shiga. Sannan sirrin nata ba ya daɗewa. Tun daga Android 10 da ya fito a 2019, duk wanda ke kan Wi-Fi yana iya nuna wa abokinsa lambar QR ya haɗa shi cikin daƙiƙa kaɗan, iPhone ma tana da hanyarta ta miƙa kalmar ga wata iPhone da ke kusa. Ma'aikacin da aka sallama bara yana nan da ita a wayarsa, kuma siginar tana kaiwa har bakin titi.

Ko makullin da ke kulle saƙon ma ya sha karyewa. Masana sun fasa tsarin WEP tun 2001. WPA2 da ya gaje shi a 2004 ya yi shekaru ana amince masa, sai a Oktoban 2017 wani mai bincike ɗan ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya bayyana raunin da aka sa wa suna KRACK. A 2018 aka fito da WPA3. Darasin wannan tarihi a fili yake: wata rana wani zai wuce ƙofar waje. Tambayar da ta rage ita ce me zai tarar idan ya wuce.

Mene ne sabnet

Kowace na'ura da ke kan netwok tana da adireshin IP, lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kamar 192.168.1.25. A cikin kwamfuta wannan adireshi jerin bit 32 ne, wato gurabe 32 da kowanne ke ɗauke da sifili ko ɗaya. Tsarin, wanda ake kira IPv4, an rubuta ƙa'idarsa a 1981, kuma adireshin da zai iya bayarwa gaba ɗaya bai wuce kimanin biliyan 4.3 ba. Saboda ba za su ishi duniya ba, a 1994 aka keɓe rukuni uku don amfanin cikin gida: duk wanda ya fara da 10, da waɗanda ke tsakanin 172.16 da 172.31, da waɗanda suka fara da 192.168. Kowa yana iya amfani da su a gidansa ko ofishinsa ba tare da neman izini ba, domin ba sa fita fili a intanet. Rauta ce take sauya su da adireshinta guda na waje idan saƙo zai fita. Shi ya sa ake ganin 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a bayan rautoci da yawa, ko 192.168.8.1 a ƙananan na'urorin Huawei da ake sa wa layin waya.

Adireshin kashi biyu ne, kamar adireshin gida: sunan unguwa da lambar gida. Abin da ke nuna inda sunan unguwa ya ƙare shi ne lambar da ake rubutawa bayan karkataccen layi. Idan aka rubuta 192.168.1.0/24, ma'anarsa bit 24 na farko, wato lambobi ukun farko, su ne sunan unguwa, bit 8 da suka rage kuma na gidaje ne. Bit 8 suna ba da adireshi 256. Ana cire na farko domin shi ne sunan unguwar kanta, ana cire na ƙarshe domin shi ne na shela ga kowa, saura 254. Wannan unguwa ita ce sabnet. Idan aka matsar da iyakar zuwa /25, unguwar ta rabu biyu, kowace da gidaje 126. A /26 gidaje 62 ne, a /28 kuma 14. Idan aka ja baya zuwa /22, an sami babbar unguwa mai gidaje 1,022. An shigar da dabarar raba netwok haka cikin ƙa'idojin intanet a 1985, salon rubutun da karkataccen layi kuma ya biyo bayan gyaran da aka yi a 1993.

Ga inda lissafin ya zama batun tsaro. Idan na'ura za ta aika saƙo, takan fara duba ko wanda za ta aika wa ɗan unguwarsu ne. In ɗan unguwa ne, sai ta yi shela ta tambayi wa ke da wannan adireshi, ya amsa, su yi magana kai tsaye. Ba mai tsayar da su, dokokin katangar tsaro ma ba sa ganin abin da ya gudana. In kuwa ɗan wata unguwa ne, dole saƙon ya bi ta ƙofar unguwa, wato rauta, kuma a nan ne kaɗai ake iya tare shi a yi masa tambaya. Saboda haka ofishin da ya zuba komai a sabnet guda, ko da ya sayi katangar tsaro mafi tsada, ya ajiye mai gadi ne a bakin titi alhali wayar baƙo da kwamfutar albashi suna ɗaki ɗaya.

Zana layi a ƙasa bai zama gini ba

Akwai kuskuren da ya yawaita har a tsakanin masu saita netwok, wato ɗaukar cewa da an ba wa rukuni biyu adireshi mabambanta an raba su. Rabuwa ta gaskiya tana buƙatar abu uku a tare, kuma kowanne da aikinsa.

Na farko shi ne sabnet, wanda ya raba adireshi. Na biyu shi ne raba hanyar da saƙon ke bi. Idan na'urorin unguwa biyu suna kan waya ɗaya da suwic ɗaya, wato akwatin da wayoyin netwok ke haɗuwa a cikinsa, mai wayo zai sauya adireshin na'urarsa da hannu ya koma ɗaya unguwar. Abin da ke hana wannan shi ne VLAN, ƙa'idar da aka sani da 802.1Q wadda ta fito a 1998. Tana liƙa wa kowane saƙo lamba, daga 1 zuwa 4094, suwic kuma ba ya barin mai lamba 40 ya faɗa layin mai lamba 10 ko da waya ɗaya suke bi. A ɓangaren Wi-Fi, ana ɗaura kowane suna a kan VLAN nasa: wanda ya hau sunan baƙi ya faɗa lamba 40, wanda ya hau na ma'aikata ya faɗa lamba 10, duk daga na'urar watsa sigina guda.

Na uku shi ne doka a katangar tsaro, kuma shi aka fi mantawa. Asalin aikin rauta shi ne sada unguwa da unguwa. A na'urori da yawa, idan aka ƙirƙiri sabnet biyar aka tsaya nan, rauta za ta ci gaba da kai saƙo tsakaninsu ba tare da tambaya ba, domin abin da aka ƙera ta ta yi ke nan. Sai an rubuta mata doka. Dokar da ta dace kuwa ita ce a fara da hana komai tsakanin unguwanni, sannan a buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, kowace da dalilinta. Wanda ya fara da barin komai yana toshe abin da ya tuna, zai manta da wani abu, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗanda suka biya kuɗin wannan darasi

A Janairun 2007 kamfanin TJX na Amurka, mai shagunan T.J. Maxx da Marshalls, ya sanar cewa an yi masa kutse. Bincike ya nuna ɓarayin sun shiga ne tun 2005 ta Wi-Fi na shagunan Marshalls a birnin Miami, wanda yake amfani da WEP shekaru huɗu bayan an san ya fashe. Daga Wi-Fi na shago suka isa manyan kwamfutocin kamfanin da ke sarrafa bayanan ciniki. Kamfanin da kansa ya amsa cewa an kwashi bayanan katin banki aƙalla miliyan 45.7. A 2010 kotu ta yanke wa jagoran ɓarayin, Albert Gonzalez, ɗaurin shekara 20. Raunin WEP ne ya buɗe ƙofar waje, amma rashin ƙofofin ciki ne ya mayar da ɓarnar shago ta zama ta kamfani gaba ɗaya.

A ƙarshen 2013 aka sake ganin irin haka a kamfanin Target. Wannan karon ba ta Wi-Fi aka shiga ba. An saci bayanan shiga na wani ɗan kwangila mai aikin na'urorin sanyaya wuri, da su aka kutsa, aka yi ta ratsawa har zuwa na'urorin karɓar kuɗi na shaguna. Katin banki kimanin miliyan 40 abin ya shafa, da bayanan mutane har miliyan 70. Rahoton da aka shirya wa wani kwamitin majalisar dattawan Amurka a Maris na 2014 ya nuna alamun cewa kamfanin bai killace sassan netwok ɗinsa mafi muhimmanci yadda ya kamata ba. A watan Mayu na shekarar shugaban kamfanin, Gregg Steinhafel, ya sauka daga muƙaminsa.

Ƙananan na'urorin da ba a ɗauke su a bakin komai ba su ne suka fi zama ƙofa. A 2016 manhajar Mirai ta mamaye dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin naɗar bidiyo da rautoci, da dabarar da ba ta wuce gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 da masana'antu ke sakawa tun daga kamfani ba. A ranar 21 ga Oktoba aka yi amfani da su aka afka wa kamfanin Dyn, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa buɗewa. A 2017 kuma kamfanin tsaro na Darktrace ya ba da labarin wani gidan caca a Arewacin Amurka da aka sace wa bayanai ta na'urar da ke lura da tankin kifin ado. Ba mamaki a ƙarshen 2019 ofishin FBI na birnin Portland ya shawarci jama'a da kada su ajiye firiji da kwamfuta a netwok ɗaya. Da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin a nan yana iya zama kyamarar da aka saya da araha, wadda ba a taɓa sabunta manhajarta ba tun ranar da aka kafa ta.

Akwai kuma cutar da ba ta jiran ɓarawo ya tura ta. WannaCry, wadda ta ɓulla ranar 12 ga Mayun 2017, tana tsallakawa da kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta ta ƙofa mai lamba 445 da Windows ke amfani da ita wajen musayar fayil. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya cikin uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da ayyuka kimanin 19,000. Bayan wata guda da rabi NotPetya ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk. Shugaban hukumar gudanarwarsa ya faɗa daga baya cewa sai da suka sake ɗora manhaja a kwamfutoci 45,000 da manyan kwamfutocin ajiya 4,000, asarar kuma ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya taimaka musu farfaɗowa shi ne kwafi guda na kundin da ke riƙe da asusun ma'aikatansu, wanda ya tsira a wani ofishinsu na Afirka ta Yamma saboda an ɗauke wuta a lokacin da cutar ke yaɗuwa. Ɗaukewar wuta ta yi musu, bisa tsautsayi, aikin da ya kamata tsari ya yi da gangan.

Yadda tsarin zai kasance a aikace

Mu ɗauki misalin asibiti mai zaman kansa, mai ma'aikata kamar 60, da majinyata da 'yan dubiya masu shiga da fita. Unguwa biyar sun ishe shi.

Ta farko ta ma'aikata ce, 10.20.10.0/24 a kan VLAN 10, mai ɗaukar na'ura 254. Ta biyu ta kwamfutar da ke ajiye bayanan majinyata da ta lissafin kuɗi, 10.20.20.0/26 a kan VLAN 20. Wannan ba ta buƙatar Wi-Fi ko kaɗan, waya ta fi mata. Ta uku ta kyamarori da talabijin da inbata da na'urar ɗaukar zanen yatsa, 10.20.30.0/24 a kan VLAN 30. Ta huɗu ta baƙi, 10.20.40.0/22 a kan VLAN 40. An ba ta faɗi ne saboda wayoyin baƙi suna da yawa kuma ba sa zama, don haka a sa rauta ta riƙa ba su aron adireshi na awa ɗaya ko biyu, ta karɓe idan sun tafi. Ta biyar ƙarama ce, 10.20.99.0/28, domin shafukan saita rauta da suwic da na'urorin watsa sigina kawai. An zaɓi adireshi masu farawa da 10 ne don kauce wa karo: ma'aikacin da zai shigo daga gida ta VPN, mai yiwuwa rautar gidansa tana kan 192.168.1.0, kuma idan ofis ma a nan yake, kwamfutarsa za ta rasa wace unguwa ake nufi.

Dokokin ba su da yawa. Baƙi su fita intanet, kada su ga kowace unguwa ta ciki, kada kuma su buɗe shafin saita rauta. A kunna musu killace juna, saitin da ke hana wayar baƙo magana da wayar wani baƙon, tun da katangar tsaro ba ta ganin abin da ke faruwa a cikin unguwa guda. A kuma yanka musu iyakar gudu, kada mai sauke fim ya hana likita aiki. Kyamarori su kai hoto ga na'urar naɗa kaɗai, kada a bar su su fara magana da kowa a ciki. Ma'aikata su isa manhajar bayanan majinyata ta ƙofar da take amfani da ita, ban da sauran ƙofofi. Unguwar saiti kuwa kwamfuta ɗaya ko biyu da aka sani ne za su shige ta. Idan kamfanin da ke ba da intanet yana ba da IPv6, a maimaita dokokin a can ma, domin dokar da aka rubuta wa IPv4 ba ta hawa kansa.

Ban da tsaro, akwai ribar gudu. Shelar da na'urori ke yi tana isa ga kowa a unguwa, kuma Wi-Fi yakan aika irin wannan saƙo ne da gudu mafi ƙanƙanta don kowa ya ji, abin da ke cinye lokacin iska. Ƙaramar unguwa ba ta da yawan shela. Wani lokaci abin da ake zargin kamfanin sadarwa da shi, hayaniyar cikin gida ce.

Abin da masu ja za su ce

Hujja ta farko ita ce kuɗi, kuma tana da ƙamshin gaskiya. Ƙaramar rautar da kamfanin waya ke bayarwa sau da yawa ba ta san VLAN ba. Sai dai rautocin gida da yawa suna da saitin Wi-Fi na baƙi, wanda kunna shi kyauta ne, kuma ga shago ko ƙaramin ofis ya kai rabin aikin, muddin an tabbatar an kashe zaɓin da ke barin baƙi su ga na'urorin ciki. Wanda ya fi haka girma yana da zaɓi: MikroTik, da UniFi na Ubiquiti, da Omada na TP-Link duk suna yin wannan aiki, pfSense da OPNsense da OpenWrt kuma manhajoji ne da ake samu kyauta. Masu Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, suna iya sa rautarsa ta koma gefe su ɗora tasu a bayanta. Wurin da ya iya sayen kyamara 16 da inbata ba zai ce suwic mai VLAN ya gagare shi ba.

Hujja ta biyu ta fi ƙarfi: rabuwa tana karya wasu abubuwa. Ranar da aka raba netwok, za a ji firinta ta ɓace, talabijin ɗin ɗakin taro ya daina karɓar hoto daga waya. Dalili shi ne waɗannan na'urori suna sanar da kansu ta wata shela mai suna mDNS, wadda ba ta tsallake iyakar sabnet. Gyaran sananne ne: a ba firinta adireshi tsayayye a buɗe mata ƙofa, ko a kunna saitin da ke maimaita shelar tsakanin unguwanni biyu da aka zaɓa. Haɗarin shi ne ma'aikacin da aka matsa wa lamba ya rubuta dokar barin komai don a sarara masa, ya bar ta har abada. Wannan ne ya sa nake ganin a taƙaita unguwannin. Huɗu ko biyar da aka rubuta a takarda aka fahimta sun fi 20 da mutum ɗaya ne ya san kansu, wanda in ya bar aiki ya tafi da ilimin.

Hujja ta uku daga masana take fitowa. Suna cewa zamanin dogaro da katanga ya wuce, yanzu ana tantance kowane mutum da kowace na'ura a kowace buƙata, ko daga ina suka zo. Wannan ra'ayi na kada a amince wa kowa, wanda John Kindervag ya yaɗa tun 2010, hukumar NIST ta Amurka kuma ta fitar masa da jagora a 2020, daidai ne. Amma kyamara mai araha da inbata ba su iya gabatar da shaidar kansu ba, ba a kuma iya ɗora musu manhajar tsaro. Abin da kawai za a iya yi musu shi ne a killace su. Wanda bai iya raba baƙo da akanta ba, bai kai matsayin zancen abin da ya fi haka zurfi ba.

Ta huɗu ita ce wadda aka fi ji: mu su wa, wa zai kula da mu? Mirai da WannaCry ba su tambayi sunan kowa ba, adireshi suke bi ɗaya bayan ɗaya. Baƙon da wayarsa ko kwamfutarsa ke ɗauke da cuta ma galibi bai sani ba. Ba zarginsa ake yi ba idan aka ajiye shi a zaure, kuma killacewar tana kare shi daga na kusa da shi kamar yadda take kare mai gida. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Alhakin shugaba

A Najeriya batun ya wuce shawara. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin ɗaukar matakan fasaha da suka dace don tsare su, ta kuma sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Idan aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, dole a sanar da hukumar NDPC cikin awa 72. Tarar manyan masu riƙe da bayanai tana iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa. Ƙa'idar PCI DSS ta kamfanonin katin banki ma ta daɗe tana neman a sa shinge tsakanin Wi-Fi da wurin da bayanan kati suke. Asibitin da ɗan dubiya zai iya ganin kwamfutar bayanan majinyata daga wayarsa zai sha wuyar gamsar da kowa cewa ya yi abin da ya dace.

Shugaba ba ya buƙatar sanin lissafin bit don ya sauke wannan nauyi. Tambayoyi kaɗan sun isa. Unguwa nawa netwok ɗinmu yake da su, kuma me ke cikin kowace? Ina takardar da aka rubuta dokokin da ke tsakaninsu? Wa ke riƙe da kalmar shiga rauta, an kuma sauya wadda ta zo da ita daga kamfani? Yaushe aka sabunta manhajar rauta da ta kyamarori? Bayan an amsa, sai gwaji, wanda ba ya cin minti biyar: ya hau Wi-Fi na baƙi da wayarsa, ya rubuta adireshin rauta a burauza, sannan na firinta, sannan na na'urar naɗar kyamara. Idan ɗaya daga cikinsu ya buɗe, ba a gama aiki ba, kuma bai kamata a biya cikon kuɗin kwangila ba sai ranar da aka sake gwadawa aka tarar duka ukun a rufe.